NUTSEWA CIKIN AIKI: NAZARI DAGA MASANA'ANTUN BOMPAI DA SHARAƊA DA CHALLAWA



Gajiya iri biyu ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar wata masana'anta a Sharaɗa da maraice, sa'ad da masu aikin rana ke fitowa masu aikin dare suna shiga, ya ga kowace iri a fuskokin mutane. Ga wanda ya fito jikinsa duk ya yi tsami amma fuskarsa a sake, in aka tambaye shi sai ya ce shi bai ma san lokacin da la'asar ta yi ba. Ga kuma wanda bai sha rabin wahalar wancan ba, amma ya fito kamar wanda aka sako daga kurkuku, domin tun da hantsi idonsa ke kan agogo. Mai yiwuwa albashinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya. Abin da aka saba faɗi shi ne wancan mai ƙwazo ne, wannan kuwa rago ne. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa wannan hukunci ya yi gaggawa. Sau da yawa bambancin yana cikin yadda aka tsara aikin da aka ɗora wa kowannensu, tun kafin a zo ga halinsu.

Sunan abin

Halin da mutumin farko ya shiga, masana ilmin halayyar ɗan'adam na Turai da Amurka sun ba shi suna da kalmar da ke nufin gudanar ruwa, saboda waɗanda aka yi hira da su sun riƙa kwatanta shi da yadda ruwa kan ɗauki mutum ya tafi da shi ba da wahala ba. Hausa tana da kalmomi da yawa da suka kewaye wannan ma'ana. Akwai duƙufa, amma ita ta fi nuna ƙoƙarin da ake gani daga waje. Akwai shagala, amma ita tana ɗauke da zargi, don ba a yaba wa wanda ya shagala. Akwai natsuwa, wadda ke nuna kwanciyar hankali ko da ba a aikin kome. A nan an zaɓi nutsewa, irin ta mai iyo da ya shige ƙarƙashin ruwa, hayaniyar bakin gaɓa ta daina isa kunnensa. Kusancin lafazinta da natsuwa ma riba ne, gama ba mai nutsewa cikin aiki sai wanda ya natsu.

Wanda ya fi kowa shahara da binciken wannan hali shi ne Mihaly Csikszentmihalyi (ana faɗin sunan kamar Ciksentmihai), mutumin Hangari wanda aka haifa a 1934, ya yi koyarwa shekaru da yawa a Jami'ar Shikago, ya rasu a 2021. Da masu zanen hotuna ya fara. Ya lura cewa mai zane yakan manta da ci da barci muddin hoton bai ƙare ba, amma da ya gama sai ya jingine shi a bango, ya daina kula da shi. Ashe ba hoton yake so ba, yin hoton yake so. Daga nan ya bi masu hawan duwatsu, da masu darar Turawa, da likitocin fiɗa, ya fitar da littafinsa na farko a kan batun a 1975, sa'an nan wanda ya fi bazuwa a 1990.

Alamomin da mutanen nan suka bayyana sun yi kama da juna ƙwarai, duk da bambancin sana'o'insu. Hankali yakan tattaru wuri guda. Mutum yakan daina tunanin kansa, watau ya daina tambayar yadda ake kallonsa. Lokaci yakan rikice masa, sa'a uku ta zama kamar minti ashirin. Amma abin da ya fi alamomin amfani ga wannan zaure shi ne sharuɗɗan. Dole mutum ya san ainihin abin da yake nufin yi a kowane mataki. Dole aikin da kansa ya riƙa gaya masa nan take ko ya yi daidai ko ya kuskure, ba sai ya jira wani ya zo ya duba ba. Sharaɗin da ya fi su nauyi kuwa shi ne wuyar aikin ta yi daidai da iyawar mai yi, ko ta ɗara ta kaɗan. In aiki ya fi ƙarfin mutum sai fargaba ta kama shi, in kuma mutum ya fi ƙarfin aikin sai ya gundura. Tsakanin fargaba da gundura akwai wata 'yar siririyar hanya, a kanta ake nutsewa. Tun da yake iyawa tana ƙaruwa, wanda ke son ya zauna a kan hanyar nan tilas ya riƙa ƙara wa kansa wuya. Ta nan ne nutsewa ke haɗuwa da gwaninta.

Kano kafin zuwan inji

Ba injin Bature ne ya kawo wa Kano wannan hali ba. Lokacin da Heinrich Barth ya iso birnin a 1851, saƙa da rini da jima da dukanci ne ya tarar sun riƙe arzikin ƙasar, tufar Kano tana kaiwa har Tambutu. A dubi marinin Ƙofar Mata a bakin karofinsa. Ya san irin shuɗin da yake nema. Yana tsoma zane ya ciro ya shanya wa iska, launi yana juyawa a gaban idonsa daga kore zuwa shuɗi, ba ya bukatar kowa ya gaya masa ko baba ya kama. In hannunsa ya faɗa a kan rini mai sauƙi, akwai na ƙulli mai wuya yana jiransa. Sharuɗɗan nan duka sun cika ba tare da ya taɓa jin sunansu ba. Haka masaƙi da ƙoshiyarsa, haka mabuga na Kura, waɗanda ke jera bugunsu har ya zama kamar kiɗa.

Bugu da ƙari, Bahaushe ya daɗe da gane cewa sauti yana ɗaure hankali a kan aiki, shi ya sa ya ba sana'o'i kiɗansu: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Wanda ya ga saurayi a gayya, makaɗi na bin sa a baya yana kiran kirarinsa, ya ga mutumin da ya manta da ƙishirwa. Amma fa kada a yi wa zamanin da ado fiye da kima. Yawancin wannan aiki wahala ce zalla, wani sashe nasa ma bayi ne suka yi shi, kuma yaron maƙera yakan shekara yana zuga kafin a bar shi ya taɓa guduma.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga ɗalibai. Anders Ericsson da abokan aikinsa, a binciken da suka buga a 1993 kan masu koyon goge a birnin Balin, sun nuna cewa horon da ke haifar da gwaninta ba shi da daɗi: maimaita wurin da ake kuskure ne, a gaban malami mai gyara. Almajirin da ke wanke allo yana sake rubutawa bai nutse ba tukuna, fama yake yi. Alaramman da ya zauna yana rubuta Alƙur'ani da ka, shafi bayan shafi har a kira azahar bai ji ba, shi ne ya girbi abin da almajirin ke shukawa.

Daga karofi zuwa Bompai

Bompai ita ce babbar yaya a cikin unguwannin masana'antun Kano. Tun kafin samun mulkin kai aka fara kafa injuna a can, na matsar man gyaɗa da na sarrafa fata da sabulu da turare, daga baya masaƙu da injin fulawa suka biyo. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970 sai aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sa'an nan Challawa can wajen kogin da ta ci sunansa, inda manyan majemu suka fi taruwa. Ma'aikatan Bompai suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Paul Lubeck, Ba'amurken da ya zauna cikinsu a farkon shekarun 1970, ya kuma fitar da littafinsa a kansu a 1986, ya nuna cewa da yawansu mutanen karkara ne da suka taso a makarantar allo. Watau mutane ne da aka riga aka hora da zama wuri guda da tattara hankali. Ya kuma nuna abu biyu da suka shafi batun yau. Na farko, lokacin salla ya zama abin jayayya tsakaninsu da masu masana'antu, don agogon inji bai san azahar ba. Na biyu, burin mafi yawansu shi ne su tara ɗan jari su fita su kama kasuwanci na kansu. Yajin aikin 1971, kan ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya ba da shawara, ya nuna suna iya haɗa kai a kan kuɗi. Amma burin nan na fita yana nuna wata ƙishirwa da ƙarin Adebo, ko na Udoji da ya biyo baya, ba zai kashe ba. Mai tebur a bakin kasuwa shi ke yanke wa kansa abin da zai yi, kuma cinikinsa na gaya masa sakamako kafin magariba.

Tsarin da aka shigo da shi masana'antun nan daga Amurka ya samo asali. Frederick Taylor, a littafinsa na 1911, ya ce a raba tunani da aikatawa: manaja ya yi tunani, lebura ya motsa hannu. Henry Ford ya ɗora wannan a kan layi mai tafiya a 1913, kuma a shekarar nan sai da kamfaninsa ya ɗauki mutum fiye da 50,000 domin ya riƙe gurabe kimanin 14,000, saboda yadda mutane ke gudu. A Janairun 1914 ya mai da ladan yini dala 5 don ya tsai da su. Mutanen Ditiroyit ba ragwaye ba ne. An cire wuya daga cikin aiki ne, aka bar wahala.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce inji maƙiyin nutsewa ne. A cikin masaƙa guda akan sami aiki iri biyu. Wanda aka ba injin saƙa da yawa ya lura da su yana cikin wani irin farauta: zare na tsinkewa nan, ƙoshiya na sarƙewa can, kunnensa ya koyi rarrabe ƙarar inji mai lafiya da ta wanda ke shirin tsayawa, yatsunsa na ƙulla zare kafin idon baƙo ya ga inda ya tsinke. Makaniken da ke kwance inji yana neman ciwonsa, ko majemin Challawa da ke taɓa fata ya san ko magani ya ratsa ta, su ma haka. Amma yarinyar da aikinta yini guda shi ne jera kwalabe cikin kwali, ita an ba ta abin da ta gama koyo a rabin sa'a.

Ko a irin wannan aiki akan sami mai dabara. Ciksentmihai ya ba da labarin wani ma'aikacin layi da aka ƙayyade wa daƙiƙa 43 ga kowane yanki, yana maimaitawa kusan sau 600 a yini. Sai ya mai da abin tsere tsakaninsa da kansa, har bayan shekara biyar ya sauko da shi zuwa daƙiƙa 28. Labarin yana da daɗin ji, amma a lura da ƙarshensa: mutumin ya san ya kusa ƙure abin da aikin zai iya ba shi, saboda haka ya shiga makarantar dare yana koyon aikin lantarki.

Akwai wani bincike da ya kamata shugabannin ma'aikatu su sani. Ciksentmihai da Judith LeFevre sun ba ma'aikata 78 a Shikago wata 'yar na'ura mai ƙara, wadda kan yi kuka sau da yawa a yini har mako guda, duk sa'ad da ta yi kuka mutum ya rubuta abin da yake yi da yadda yake ji. Sakamakon da suka buga a 1989 ya ba da mamaki. Mutane sun fi samun kansu cikin sharuɗɗan nutsewa a wurin aiki fiye da lokacin hutu, har da leburori. Amma da aka tambaye su ko da sun so a ce wani abu dabam suke yi, a wurin aikin ne suka fi cewa e. Watau mutum yana iya jin daɗin aiki ya kuma ƙi shi, in ya ɗauka tilasta masa aka yi. Bahaushe ya san ɗaya fuskar wannan tun tuni, da ya ce sa kai ya fi bauta ciwo.

Abubuwan da ke tsinke zaren

Tun daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, masana'antun Kano suka fara jin jiki. Kayan gyara da ake sayowa daga waje suka yi tsada, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. An yi rubuce-rubuce da yawa kan asarar jari da ta guraben aiki. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta hannuwa. Mutumin da ya shekara ashirin yana sauraren injin saƙa, ran da aka rufe masaƙar ya koma sayar da rake, ilmin da ke cikin kunnensa bai shiga kundin kowa ba.

Ga waɗanda suka rage, babban abokin gaba shi ne ɗaukewar wuta. Sunan mai ba da wutar ya sauya, daga NEPA zuwa PHCN a 2005, zuwa KEDCO a 2013, an kuma buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a Challawa a 2023. Akawu yana auna ɗaukewar wuta da kuɗin man janareto. Amma a tsaya kusa da mai injin roba a Sharaɗa. Wuta ta ɗauke, narkakkiyar roba ta fara daskarewa a cikin inji, in ta dawo sai an sake ɗumama shi an zubar da na farko. A masaƙa, wurin da inji ya tsaya ya tashi yakan bar tabo a jikin yadi. Hankalin ɗan'adam ma haka yake, yana da lokacin ɗumama. Wanda aka katse sau huɗu a yini yakan koyi kada ya ba da dukan hankalinsa tun farko, domin ya san za a ƙwace. Mai kallo daga nesa sai ya kira wannan sakaci.

Sai kuma tsoro. Tun 1908 Yerkes da Dodson suka gano, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa tsananta horo yana gaggauta koyon abu mai sauƙi, amma yana ɓata koyon abu mai wuya in ya wuce kima. Heluman da ke tsawa a kan masu dakon buhu wataƙila ya ga amfanin tsawarsa. In ya kai ta kan mai yankan fata, ɓarna zai gani. Ɗan aikin wucin gadi, wanda kowace safiya sai ya tsaya a bakin ƙofa bai san ko za a kira shi ba, rabin hankalinsa yana kan gobe, ga shi kuwa nutsewa ba ta karɓar rabi. A haɗa da ƙarar ɗakin saƙa, wadda kan wuce ma'aunin 85 da likitoci suka ce daga nan ji ke fara lalacewa, da kuma aikin dare, wanda ke sa mutum a gaban inji wajen ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da jiki ya fi kowane lokaci neman barci.

Kashedi

Kada wani manaja ya bar zauren nan yana murna ya sami sabuwar bulala. Nutsewa ba ta da alƙibla ta kanta. Ɓarawo ma yakan nutse cikin fasa ƙofa. Natasha Schüll ta nuna a littafinta na 2012 yadda ake ƙera injunan caca na Las Begas da gangan domin su jefa mutum cikin irin wannan hali har aljihunsa ya ƙare, kuma wayar da ke hannun kowane ɗalibi a nan da irin wannan dabara aka gina abubuwa da yawa na cikinta. Michael Burawoy, wanda ya yi aiki da hannunsa a wata masana'anta kusa da Shikago, ya bayyana a 1979 yadda masu aikin jinga ke mai da cika adadi wasa, su nutse cikinsa, su manta da tambayar wanda ya tsara wasan da wanda ke kwashe ribarsa. Daɗin aiki ba ya zama madadin lada. Har ila yau, wanda ya nutse yakan daina jin gargaɗin jikinsa, inji kuwa ba ya rarrabe fata da yatsa.

Gyaran da ke hannun mai masana'anta ba duka ne ke cin kuɗi ba. Kamfanin Toyota ya ba ma'aikacin layi igiyar da zai ja in ya ga aibi, har layin ya tsaya in ta kama. Abin da igiyar nan ta mayar masa shi ne abin da marini ke da shi a bakin karofi, watau ikon yin hukunci a kan aikin hannunsa. Juya mutane tsakanin injuna yana tsawaita koyo. Lokacin salla kuwa, in an shigar da shi cikin tsari maimakon a riƙa satarsa, yana yanka yini gida-gida, kowane gida da farkonsa da ƙarshensa.

Ma'aikacin gwamnati zai iya auna teburinsa da wannan ma'auni. Fayil ya zo, ya rubuta sharhinsa, ya tura sama. Ko shawararsa ta gina asibiti ko ta mutu a cikin kabad, ba mai dawowa ya gaya masa. Ƙofarsa ba ta minti goma a rufe. Ta fuskar sharuɗɗan nan, makaniken Bompai ya fi mataimakin sakatare sa'a, kuma babban sakataren da ke kukan aikin ganin ido ya kamata ya fara tambayar yaushe rabon da wani na ƙasa da shi ya ga ƙarshen abin da ya fara.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki a ajiye. Na'urar da aka rarraba a Shikago yanzu tana cikin aljihun kusan kowane lebura, saboda haka ana iya maimaita binciken a Sharaɗa da kuɗi kaɗan. Wuyar tana wajen harshe, kuma nan ne ɗalibin Hausa zai fi ɗalibin ilmin halayya amfani. In aka tambayi Bahaushe ko yana jin daɗin aikinsa, zai ce alhamdu lillahi, ko da a kan ƙaya yake tsaye, domin godiya ce ba rahoto ba. In aka tambaye shi ko ya gaji, zai ce ba gajiya, domin amsar gaisuwa ce. Sai an kewaya. A tambaye shi ko yau kiran salla ya zo masa ba zato, ko kuwa ya daɗe yana jiransa. A tambaye shi sau nawa ya dubi agogo tun da ya kama aiki, da kuma ko akwai wani abu a jikin injin nan da har yanzu bai gama ganewa ba.